Mai Askin da Ya Ƙi Ɗaga Hannu

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera biyu, benci ɗaya na masu jira, da madubi mai tsaga a kusurwa. Tun yana saurayi yake aski a wurin, har ya kai ga yana yi wa jikokin waɗanda ya fara yi wa. Sunansa na gaskiya sai dai a katin asibiti. Kowa Baba Anya yake ce masa, domin ba a taɓa kawo masa labari ya karɓa ba tare da ya karkata kai ya ce, "Anya?" Idan ka ce masa an yi ruwa a ƙetaren gada, ƙafarka zai duba ya ga ko da taɓo. Mai kawo masa reza kuwa ya saba, sai an buɗe kwalin a gabansa an duba kafin ya tafi.

Ba mugun mutum ba ne. Idan tsoho ya kwanta ciwo a unguwa, shi ke ɗaukar jakarsa ya bi shi har gado ya gyara masa kai. Abin da ya mayar da shi haka, kujerar nan ce. Ya sha jin rigima ɗaya daga bakin mutum uku a yini ɗaya, kowa da rantsuwarsa, kowa shi ne mai gaskiya.

Ciwon ya same shi bayan ya haura sittin. Da farko zogi ne a goshinsa na hagu, kamar ana tsira masa allura daga ciki. Ya ɗora wa tabarau laifi, ya ajiye shi. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso a jere, daga gira har cikin gashi, suka tsaya cak a tsakiyar goshi kamar an ja musu layi. Ya je ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikacin da ya tarar ya leƙa daga nesa, ya ce ƙurajen zafi ne, ya ba shi man shafawa da maganin ciwon kai.

Sai da idon ya kumbura ya rufe, babbar 'yarsa ta sa shi a mota zuwa babban asibiti. Can suka haɗu da wata likita, gajeriyar mace mai saurin magana. Ta duba shi da kyau, ta ce ƙwayar cutar daga dangin hafis take.

"Wane Hafizu?" in ji Baba Anya. "Ni ban haɗa komai da shi ba."

Likita ta yi dariya, ta rubuta masa sunan, ta ba shi ƙwayoyi, ta tura shi wajen masu duba ido. Tana miƙa masa maganin ta ce, "Baba, da an fara wannan da wuri, da ya fi."

Idon ya tsira, ƙurajen suka bushe. Amma zogin bai tafi ba. Iskar fanka idan ta taɓa goshin, sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya koma saka hula yana jawo ta har gira. Kuma maganar Likita ta zauna masa daram: da an fara da wuri. Kullum zogin ya taso, fuskar ma'aikacin nan na asibitin unguwa yake gani.

A gida kuma wata fitinar ta kunno. 'Yarsa ta nemi sunan cutar a waya don ta ƙara sani, abin da ya fara fitowa kuwa shi ne irin wadda ake ɗauka ta hanyar kwanciya. Tana karantawa a fili, mahaifiyarta na gefe tana guga. Uwargida ta ci gaba da gugarta. Washegari ya tarar an ware masa tawul da kofi, ita kuma ta kwashe filonta ta koma ɗakin yara.

"Malam," ta ce masa wata rana tana kallon wani wajen, "idan ka rufe shago, ina kake biyawa?"

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuhumar jama'a, sai ga shi ana tuhumarsa a tsakar gidansa. Ya ja ta har wajen Likita. Likita ta yi mata bayani dalla-dalla: ƙwayar ƙarambau ce da ya yi tun yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, da girma ya kama shi ta farka. Dangi ɗaya ne da waccan, amma ba ita ba ce. Uwargida ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya. Suna fita ta ce, "Ai dole ta rufa maka asiri. Aikinsu ke nan."

Maganar ta fita unguwa, bencin shagon ya fara zama fayau.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, sai ga Likita da kanta a bakin shagon. Ta zauna a benci, ta ce ana kafa kwamitin da zai rubuta ƙa'idojin maganin cututtukan wannan dangi gaba ɗaya, wato abin da kowane ma'aikacin lafiya zai bi idan mara lafiya ya zo gabansa. Akwai likitocin fata, na ido, na mata, da masu haɗa magani. Amma doka ce sai an zauna da waɗanda suka yi ciwon.

"Me ya sa ni?"

"Saboda a cikin marasa lafiyata babu wanda ya kai ka tambaya."

"Anya? Ko dai wani sabon magani za a gwada a kaina?"

"Ko ƙwaya ɗaya ba za a ba ka ba, Baba. Magana kawai za ka ji, ka faɗi taka."

Ya ce zai yi shawara. A ransa ya riga ya yanke cewa ado ake so a yi da shi, a ce an zauna da talaka. Uwargida ce ta sauya masa ra'ayi, ita ma don nata dalilin. "Ka je," ta ce. "In likitoci sun taru da yawa, ba za su haɗa baki duka ba. Sai mu ji ko maganar waccan gaskiya ce."

Ɗakin taron a saman bene yake, da dogon teburi da na'urar sanyaya ɗaki da ke hura masa goshi kai tsaye. Ya ja kujerarsa kusa da ƙofa. Ruwan gora da aka ajiye masa sai da ya juya shi ya tabbatar ba a ɓalle murfin ba.

Kafin a fara komai, shugaban kwamitin, wani dattijo mai sanƙo, ya ce kowa ya faɗi ko yana da wata alaƙa da kamfanonin magani. Aka zaga. Yawanci suka ce babu. Da aka zo kan wani Farfesa mai faɗin kafaɗa, ya ce wani kamfani ya taɓa ɗaukar nauyin bincikensa. Shugaba ya ce to, duk lokacin da aka zo kan maganin wannan kamfani, Farfesa zai fita waje, kuma ba shi da ƙuri'a. Farfesa ya gyaɗa kai kamar an ce masa ga shayi.

Baba Anya ya bi fuskokin da kallo. Shi wanda ya faɗa bai dame shi ba, an san inda ya tsaya. Waɗanda suka ce babu, su ya sa wa ido.

Zaman farko duk a kan tambayoyi ya ƙare. Wane mara lafiya? Wane magani? A kwatanta shi da me? Kuma wane sakamako ake nema, bushewar ƙuraje, ko raguwar zogi, ko tsiran ido, ko kare jariri a wajen haihuwa? Aka ce kowa ya faɗi wanda ya fi muhimmanci a wurinsa. Baba Anya ya ba da labarinsa duka, har da tawul da kofi. Ya rufe da cewa, "Ni dai a sani, nawa ba irin wancan na kunya ba ne."

A zama na gaba aka gabatar da wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya duba marasa lafiya, aikinsa tace bincike. Ya ce sun tattaro duk binciken da aka taɓa yi a kan tambayoyin nan, sun karanta, sun ajiye da yawa a gefe, sun riƙe kaɗan.

Baba Anya ya ɗaga yatsa. "Waɗanda kuka ajiye a gefe, me suka ce?"

"Wasu mutanen cikinsu sun yi kaɗan, Baba. Wasu an ba kowa magani, ba a bar waɗanda za a kwatanta da su ba. Wasu kuma an fara da mutane da yawa, rabi suka ɓace a hanya."

"Wa ya gan ka lokacin da kake ajiyewa?"

"Mu biyu muke karantawa, kowa shi kaɗai. Inda muka saɓa, sai na uku ya raba. Kuma duk wanda muka ajiye, mun faɗi dalili, kowa na iya dubawa."

"Na biyun abokinka ne?"

Aka yi dariya, har da mai tace binciken. Baba Anya bai yi ba. Da aka bayyana masa cewa a binciken da ya fi ƙarfi, ƙuri'a ake jefawa, wasu su sami maganin gaske wasu su sami ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma likita da mara lafiya duk ba su san wa ya sami wanne ba, sai ya jingina da kujera.

"Wato mutum yana cikin wannan azabar, ku ba shi garin alli?"

"Da saninsa da yardarsa. Kuma da zarar an tabbatar magani na aiki, ba a sake yin haka."

 A ransa ya ce, mutanen da suka iya yaudarar mara lafiya da izininsa, ai sai a kula da su.

Amma wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce ɗayar mai wakiltar marasa lafiya. Malamar makaranta ce, mai tsaf-tsaf, tana magana ba gargada, tana kiran sunayen magunguna kamar a gidansu ake yin su. Duk sanda aka zo kan maganin da ake sha kullum don hana ciwon dawowa, sai ta goyi bayansa da ƙarfi. Ita ba ta ba da labarinta ba, kuma ba tabo a fuskarta. Baba Anya ya gama lissafinsa: kamfani ne ya dasa ta.

Da aka tashi shan shayi, ya same ta ita kaɗai a bakin taga.

"Malama, ki yi haƙuri da tambayar tsoho. Ke wa ya turo ki?"

Ta dube shi, ta ajiye kofinta. "Baba, ka tuna abin da ka ce, naka ba irin wancan na kunya ba ne? To, wancan ɗin shi ne a jikina."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

"A ɗakin aurena na same shi," ta ce, muryarta ba ta canja ba. "Shi ma mijin bai san yana da shi ba. Da na sami ciki, likita ɗaya ya ce sai an yi mini aiki, wani ya ce ba sai an yi ba, wata ta ce in sha magani, wani ya ce kada in kuskura. Duk watannin cikin nan ban yi barcin kirki ba. Sunayen magungunan da ka ji ina kira, tsoro ne ya koya mini su. Ɗana yana nan lafiya. Na zo ne don kada wata ta sha abin da na sha."

Baba Anya ya buɗe baki, "anya" ta zo har leɓe, ya haɗiye ta. Ya ce, "Allah ya raya shi." 

Da ya koma gida ya ba uwargida labarin, bai ɓoye kalmar da ya faɗa ba. Ta daɗe tana ninke kaya. Sannan ta tambaya ko sauran likitocin sun faɗi abin da Likita ta faɗa game da ƙarambau. Ya ce har hoto suka nuna na yadda ƙwayar ke kwanciya a jijiya. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma cikin makon ya ga kofinsa ya koma cikin sauran kofuna, filonta kuma ya dawo inda yake.

Rigimar gaske a zaman ƙarshe ta tashi. Aka zo kan tambayar da ta kawo shi: idan aka ba da ƙwayoyin tun a kwanakin farko, suna hana zogin nan da ke zama bayan ƙuraje sun warke? Mai tace bincike ya tashi ya ce, a kan saurin bushewar ƙuraje da rage zafin farko, shaida tana da ƙarfi. A kan kare ido ma akwai dalili mai kyau. Amma a kan zogin da ke daɗewa, binciken da ke hannu bai nuna a fili cewa ƙwayoyin na hana shi ba.

Baba Anya ya miƙe tsaye, ya juya wajen Likita.

"Ke kika ce mini da an fara da wuri da ya fi."

"Na faɗa, Baba. A kan idonka da ƙurajen, har yanzu ina kan bakana. A kan zogin nan kuwa, ba mu sani ba. Mai yiwuwa ko a ranar farko aka ba ka, da yana nan."

"To na gane," ya ce, yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ɗan'uwanku ne ya kalle ni daga nesa ya ce ƙurajen zafi ne. Yanzu kun taru za ku rubuta cewa ko da ya yi daidai ma, duk ɗaya ne. Ku wanke shi ke nan."

 Shugaba ya cire tabaransa ya goge.

"Baba, wanda ya duba ka ya yi kuskure, kuma don irinsa muke wannan zama. Za mu rubuta da babbar murya cewa duk ƙurajen da suka fito gefe ɗaya haka, a fara magani ba jinkiri, in kusa da ido ne a tura mutum babban asibiti a ranar. Wannan ba wanda zai wanku da shi. Amma in muka rubuta cewa ƙwayoyin na hana zogi, gobe wani zai sha a kan lokaci, zogin ya zauna masa, ya ce mun yi masa ƙarya. Kuma da gaskiyarsa."

"Ni ne shaida. Ga goshina."

"Kai mutum ɗaya ne, kuma ba mu da wani kai ɗin da aka ba magani da wuri, balle mu kwatanta."

Aka ce waɗanda suka yarda su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, har da na Malama, wadda ta dube shi kafin ta ɗaga. Baba Anya ya harɗe nasa a ƙirji. Ya zaci za a lallashe shi, ko a yi kamar ba a gan shi ba. Sai Shugaba ya ce a rubuta cewa mutum ɗaya bai amince ba, a rubuta dalilinsa, a kuma sa wannan tambaya cikin waɗanda ke buƙatar sabon bincike.

Kafin a tashi Malama ta kawo shawara: a umarci ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya, da iyalinsa in ya yarda, wane iri ne ya kama shi da yadda ake samunsa, cikin kalmomin da ba za su kunyata kowa ba. Wani ya ce babu binciken da ya auna wannan. Shugaba ya ce akwai abin da ba ya jiran bincike, za a sa shi a matsayin kyakkyawar ɗabi'ar aiki. A nan hannun Baba Anya ya riga na kowa tashi.

"Yaya aka ƙare?" uwargida ta tambaye shi da ya shigo.

"Sun ce ba su sani ba."

"Likitocin?"

"Da bakinsu, a gaban jama'a." Ya zauna yana cire takalmi. "Ko dai gaskiya ce, ko kuma sun fi duk wanda na taɓa yi wa aski iya ƙarya. Ban gama tantancewa ba."

Bayan nan aka aika wa wasu likitoci na waje rubutun su yi masa tankaɗe, aka dawo da shi, aka gyara, aka fitar. Baba Anya ya sa 'yarsa ta karanta masa daga fari har ƙarshe, yana tsayar da ita yana cewa ta maimaita, don ya ji ko an sauya wani abu a bayan idonsa. Wurin da aka ce mutum ɗaya bai amince ba yana nan, da dalilinsa. Ya ce ta sake karanta wajen. Sannan ya tambaye ta ko ta tabbata irin wannan aka raba wa kowa, ba nasa aka buga daban ba.

Yana nan a shagonsa har yanzu. Masu zuwa aski sun dawo, sai 'yan kaɗan da kunya ta hana. Zogin yana lafawa ya taso, kuma fankar shagon ya juya ta tana kallon bango. Idan hira ta biyo ta kan likitoci aka fara zaginsu, yakan bari a yi nisa, sannan ya ce shi ya zauna da su ya ga yadda suke yanke magana, kuma ba yadda ake zato ba ne. Idan kuma wani ya ɗauki yabonsu, nan take zai tare shi ya ce kada ya yi saurin sakin jiki.

Kwanan baya Likita ta aiko masa cewa an sami sababbin bincike, za a sake zama a duba ƙa'idojin, kuma ana son ya dawo. Ya ce wa ɗan saƙon shi fa ba ya son a riƙa wasa da hankalinsa, zai yi tunani. Da yamma, yana wanke hannu, ya ce wa uwargida ta duba masa farar rigar nan, in tana buƙatar guga.